Ciwon da Ba a San Sunansa Ba

Jawabin da wata 'yar ƙungiya, mai sayar da shinkafa da bandar kifi a kasuwar Auyo, ta karanta ranar bikin cikar ƙungiyarmu shekara 10

 

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, Ma'aji, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka bar mu muka fito. Ina yi mana murnar ganin wannan rana. Waɗanda muka fara tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Da Shugaba ta ce ni zan yi magana yau, sai da na ce mata, "Haba Hajiya, ga masu boko a zaune?" Ta ce ai ba boko ake nema ba, abin da ya same ni take so in faɗa. To, takardar nan da hannuna na rubuta ta, kwana tara ina yi. In kun ji na yi shiru ku yi haƙuri, wani harafi ne ya tsaya mini.

Duk wadda ke kusa da rumfata ta sha ganina a duƙe bayan buhu na riƙe ciki, mai saye na tsaye yana jira. Shekara uku ke nan ina fama. Ciwo biyu ne a jikina. Ɗaya an gano shi, ɗayan kuwa har yau da nake tsaye gabanku ba wanda ya faɗa mini sunansa.

Abin ya faro ne daga ambaliyar 2022. Kun tuna yadda kogin Haɗeja ya karya jinga ya ci gonakin shinkafa, ya shigo har cikin gidaje. Mu kan tudu muka koma, mu da raguna huɗu da na saya da bashin ƙungiya don turkar Babbar Sallah, ga shanun maƙwabta, ga awaki, kowa da kowa wuri ɗaya. Nan muke kwana, tabarma a kan yashi, dabba na numfashi a kanki. Kaska kuwa ba a magana. In na ga ta a kunnen rago sai in cire in murtsuke da farce, in goge jinin a zane. Wadda ta kama ni a cinya ma haka na fizge ta, ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Bayan mun dawo gida sai zazzaɓi ya sauko. Ya yi kamar kwana uku, da rawar sanyi, da ciwon kai, da ciwon gaɓɓai, sai gumi ya karyo ya sake ni. In yi mako guda garau, in koma kasuwa, sai ya dawo kamar ya manta wani abu. Kowane zuwa in tafi kemis, a ce maleriya ce, a ba ni magani. Da aka gaji da maleriya aka koma taifot. Allura da ƙarin ruwa ban san iyakar wanda na sha ba.

Ana cikin haka ciki ya shigo. Ba irin ciwon cikin da muka sani na al'ada ba ne, ba kuma na gudawa ba. Daga ƙasan haƙarƙari yake tasowa, ya murɗa kamar ana matse wanki, ya zagaya baya. Wani lokaci rabin awa, wani lokaci tun daga La'asar har Asuba. Na haifi bakwai, na san naƙuda, amma ita naƙuda kin san abin da kike jira.

Me ban sha ba? Jiƙo na sha, sassaƙe na sha, kanwa na sha har ta fita raina. Masu tallan magani a faranti na saya musu haɗi, ƙwaya biyar a ƙulli ɗaya, ban san sunan ko ɗaya ba. Jarina ya bi ta can. Raguna biyu na sayar tun ba su yi ƙiba ba.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini nauyi. Da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wata ta zo dubiya ta ce mini a kunne, "Wannan ba na asibiti ba ne, ki duba cikin gidanki." Magana ta zauna mini. Na daina cin girkin abokiyar zamana. Ranar girkinta in ta aiko da tuwo sai in ce na ƙoshi, in zuba wa kaji. Wata huɗu ina haka. Matar nan ita ta yi mini wankan jego har sau uku, ita ke tashi cikin dare ta dafa mini ruwan zafi in ciwon ya motsa. Ta gane, amma ba ta ce uffan ba. Na hana 'ya'yana shiga ɗakinta. Maigida ya rasa inda zai sa kansa. Kun ga ciwon da ba shi da suna, mutum ne ake nemowa a liƙa masa.

Wadda Allah ya sa ta zama sanadin fitata ita ce Malamarmu. Ta ga ina yawan fashin aji, ta biyo ni gida. Da na ba ta labari ta ce, "Yaya, ba kin iya rubuta kwanan wata ba? Ki samu littafi daban da na bashi. Ranar da zazzaɓi ya zo ki rubuta, ranar da ya tafi ki rubuta. In ciki ya murɗa ki rubuta lokacin, da abin da kika ci, da maganin da kika sha." Na ce wannan kuma wane magani ne? Ta ce in dai yi.

Na yi wata uku ina rubutawa, da karkataccen rubutuna. Sannan ƙanina ya kai ni babban asibitin Haɗeja. Da a da ne, in likita ya ce "Me ke damunki?" sai in ce "Jikina ne duk ba daɗi," ya rubuta magani in fito. Ran nan littafin na miƙa masa. Ya buɗe, ya yi ta ƙirga kwanaki da bakin biro. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, kina kiwo?" Na ce ina yi. Ya ce, "Kaska ta taɓa cizonki?" Na yi dariya na ce wa kaska ba ta ciza ba a ƙasar nan?

Shi ya fahimtar da ni abin da nake so kowace mai kiwo a nan ta ji. Ya ce ba sauro kaɗai ke kawo zazzaɓi ba, kaska ma tana ɗauke da cuta iri-iri. Akwai ta jikin shanu da tumaki, wadda kan bar baƙin tabo inda ta ciza, da kaluluwa, da zazzaɓi. Akwai wata mai laushin jiki da ba ta zama a jikin dabba, tana ɓuya a cikin yashi inda dabbobi ke kwanciya ko a ramin ɓera, ta fito ta sha jini ta koma ba ki sani ba. Irin wannan ce ke kawo zazzaɓi mai zuwa ya tafi ya dawo. Ya ce a Senegal an daɗe da sanin wannan zazzaɓi, kuma sau da yawa maleriya ake ɗaukarsa. Maganin maleriya ba ya kashe ƙwayar cutarsa, shi ya sa nake ta sha a banza.

Ya ce in dawo ranar da jikina ya yi zafi, don a lokacin ne ake iya ganin ƙwayar cutar a jini. Na dawo, aka ɗibi jini, ba maleriya. Ya ce ba zai rantse ba, amma alamu sun fi karkata can. Ya rubuta mini wani magani mai suna Doxycycline, ya ja kunnena in shanye shi duka ko na ji sauƙi. Don Allah kada wata ta ji sunan ta je ta saya. Ba a ba mai ciki haka kawai, kuma likita ne ke faɗin adadinsa. Cikin ikon Allah zazzaɓin ya yanke. Gajiya da ciwon gwiwa dai har yau sukan leƙo ni, musamman da damina.

Na ɗauka ciki ma zai bi zazzaɓi ya tafi. Bai tafi ba.

Aka shiga bincike. Aka gwada fitsari da bayan gida, don likita ya ce duk wanda ke shiga ruwan fadama da na noman rani, irinmu masu dashen shinkafa da wanki a kwata, dole a duba masa tsargiya. Ashe ba ta fitsarin jini kaɗai ba ce, akwai ta hanji mai taɓa hanta. Aka ba ni maganinta, irin wanda ake raba wa yara a makarantu. Aka yi hoton ciki, aka duba hanta, da matsarmama, da mahaifa, da ƙoda. Daga nan aka tura ni Asibitin Malam Aminu Kano, aka zura mini wata siririyar roba mai ido ta baki har cikin ciki. Suka ga bangon cikin ya yi ja, suka ce aikin ƙwayoyin kashe zafi ne da na yi ta sha, irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda ke cin ciki suna kuma lalata ƙoda. Mu nan ƙasar Haɗeja ba sai an faɗa mana mene ne ciwon ƙoda ba, mun binne mutane da yawa. Amma suka ce ba shi ne asalin ciwona ba, tunda ciwon ya riga ƙwayoyin zuwa.

Likitar da ta gan ni a ƙarshe mace ce. Na ce mata, "Likita, ki faɗa mini gaskiya ko mutuwa ce." Ta ce, "Mama, ba mu ga daji ba, ba mu ga ƙari ba, ba mu ga abin da za a yanka ba. Ko yana da alaƙa da zazzaɓin kaska, ban sani ba. Amma ciwonki gaskiya ne, ba ƙirƙira kike ba." A mota na yi ta kuka har Gujungu. Kafin mu iso gida sai na ga ai ban dawo hannu rabbana ba. Na san abubuwan da ba su ne ba, kuma na samu wadda ta yarda da ni.

To yaya nake zaune da shi? Littafin nan dai shi ne ya nuna mini ya fi tasowa in na wuni a kasuwa ban ci komai ba, sannan na zo na cika ciki da dare, ko in na yi ɗaukar buhu. Yanzu kaɗan-kaɗan nake ci, da kunu a rumfa. Buhu na bar wa 'yan dako. Ban ƙara sayen haɗi ba. In ya motsa, ruwan ɗumi nake zubawa a gora in naɗe da zane in ɗora, in kwanta ta gefe ina ambaton Allah har ya lafa. Addu'a da tofi ban bari ba, katin asibiti ma ban bari ba. Duk bayan wata uku nake komawa da littafina. Kuma na daina jin kunyar ce wa maƙwabciyar rumfata, "Riƙe mini, yau ba ni da ƙarfi."

Amma kada wata ta ji na ce ina haƙuri da nawa ta zauna da nata. Akwai ciwon cikin da ba a kwana da shi. In ciki ya yi tauri kamar katako ba ya taɓuwa, ko ana aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko ido ya yi ɗorawa, ko ba kashi ba tusa ga amai, a nemi mota ko da tsakar dare ne. Haka in kin yi ɓatan wata sai ciwo mai tsanani ya kama ki a gefe ɗaya na mara, ga jiri, kada ki jira gari ya waye, ciki ne kan zauna a wajen mahaifa ya fashe.

Kaska kuma, 'yan'uwa, a daina murtsuke ta da hannu. In ta kama mutum a sa hantsaki a kama ta daf da fata, a ja a hankali har kanta ya fito, a wanke wurin da sabulu. Ragon da aka sayo daga Maigatari ko wata kasuwa a ɗaure shi gefe, a kira malamin dabbobi ya yi masa magani kafin ya shiga cikin sauran. A share turke, a toshe ramukan ɓera, kuma kada yara su kwana inda dabbobi ke kwana.

Ina da roƙo biyu ga ƙungiya. Na farko, ban da zubin adashi, mu buɗe asusun lafiya, ko naira 200 ce a mako, don kada mace ta sake sayar da jarinta saboda kuɗin gwaji. Ni da Ma'aji ba ta ɗaga mini biyan bashi wata shida ba, da yanzu ba ni da rumfa. Na biyu, duk 'yar ƙungiyar da za ta asibiti, a haɗa ta da wadda ta iya karatu, ta riƙe mata takardu ta rubuta abin da likita ya ce. Waɗanda ba su shiga aji ba kuma, ga Malama nan, ni da shekara arba'in na fara riƙe fensir.

Sai magana ta ƙarshe. Yaya, ga ki can a zaune. Na roƙe ki gafara a ɗaki kin ce kin yafe. Amma zargin da na yi miki ya fita waje, mutane sun ji, don haka a gaban mutane nake wanke ki. Ba ki yi mini komai ba sai alheri. Zato zunubi ne, na ɗauka, ki ƙara yafe mini.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya tsare mu daga ambaliya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya nuna mana shekara 20 ta wannan ƙungiya. Wadda na ɓata wa ta yafe mini.