Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Ina Suke Shiga?

 Yau hirar tamu ta kuɗi ce, amma fa ba na adashi ba. Kuɗin ƙaramar hukumarki nake nufi.

Na san wata za ta ce, "To ni da ko zaure ban leƙawa, me ya haɗa ni da wannan?" Yar uwa, ke ya fi shafa. Ranar da kika je awon ciki aka ce babu magani, a sayo a kyamis, ranar da famfon unguwa ya lalace kika koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa da ɗan ribar ƙosanki, ranar da yaronki ya dawo firamare da wando duk ƙura don a ƙasa suke zama, to duk waɗannan wurare ne da ƙaramar hukuma ke da hannu a kansu. Mai kuɗi ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, matarsa tana haihuwa a asibitin kuɗi. Wahalar a kanki take sauka.

Kuma ba wai kuɗin babu ba ne. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja, kuma kason ƙananan hukumomi ya ɗan haura kashi 20 cikin 100. Sai dai shekara da shekaru kuɗin nan suna biyowa ta asusun haɗin gwiwa, wanda linzaminsa ke hannun gwamnatin jiha. Ciyaman ya ce ba a sako masa ba, jiha ta ce ta sako, ke kuma kina tsakiya da jariri a goye. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Hukunci ya yi kyau, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Kuma ko kuɗin sun iso, in ba mai tambaya, daga wannan aljihu za su koma wancan ne kawai.

Nan ne fa abin yake ba ni takaici. Mu matan Arewa ba mu samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU sun sha duka da ɗauri a kan wannan haƙƙi. Yau kuma ranar zaɓe layinmu ya fi tsawo, amma da an ba mu sabulu, taliya da turmin atamfa, shi ke nan, an sallame mu shekara huɗu. Ki lissafa kuɗin atamfar nan, ki lissafa abin da kika kashe a magani da ruwa bara kaɗai. Wa ya ci riba?

Tambayar shugaba ba rashin kunya ba ce. Amana ya ɗauka, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana 7.

Ba sai kin fita ba. Kansilan mazaɓarku ɗan unguwa ne, ƙila ma kuna haɗuwa da matarsa wajen suna. Ku haɗu a Islamiyya ko ƙungiyar adashi, wadda ta iya rubutu ta rubuta: nawa aka ware wa asibitinmu bana, kuma me aka yi da su? Ku sa hannu ku da yawa, maigida ko babban ɗanki ya kai wa kansila, a ba mai unguwa kwafi, ku ajiye ɗaya. In mako biyu ya wuce shiru, ku aiko mana da kwafin nan gidan rediyo, za mu karanta shi a wannan fili, mu kuma kira ciyaman ɗin ya zo ya amsa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.