Rama Tana Da Dalili: Jawabi Ga 'Yan'uwa Ɗalibai



Hausawa na cewa lafiya uwar jiki. Mu da muka taso a Dutsin-Ma da Kurfi mun saba jin ana yi wa ramamme ba'a, a ce da shi tsinke ko sillan kara, amma ba safai ake tambayar abin da ya ramar da shi ba. Wannan tambaya ita ce makasudin jawabinmu.

Da farko, likitoci suna da ma'auni: a raba nauyin mutum da tsawonsa sau biyu. In sakamakon bai kai 18.5 ba, to ya rame. Watau mai tsawon mita 1.7 wanda bai kai kilo 53 ba, lalle ya binciki kansa.

Dalilin rama na fari shi ne ƙarancin abinci. A ƙauyukanmu rumbu kan ƙare tun kafin sabon gero ya nuna, ga shi 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu. Mu ɗalibai kuwa, sau nawa muka wuni a kan garin kwaki? Dalili na biyu cuta ce: tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, tarin fuka, da ciwon suga. Wanda ke ci yana ƙoshi amma yana ta zubewa, ko ya yi mako biyu yana tari, asibiti ya kamace shi.

Abin takaici, wasu daga cikinmu, musamman 'yan mata, sun koma ga ƙwayar da ake kira "sha ka fashe". Sau da yawa Dexamethasone ce, wadda ke tara ruwa a jiki, ta kumbura fuska, ta jawo hawan jini da ciwon suga, ta raunana ƙashi. Kumburi ne ake ɗauka ƙiba.

Alhali kuwa magani yana ƙofar gidanmu: gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wake, ƙosai, awara, ƙwai, kwaɗon zogale, fura da nono, da kifin madatsar ruwa ta Zobe. A riƙa ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a wuni, a motsa jiki, a sami isasshen barci. Nama yakan zo a hankali, amma yana zama.

Don haka, in mun koma gida hutu, mu duba ƙannenmu. Wanda muka ga yana zubewa, mu kama hannunsa mu kai shi awo. Allah Ya ba mu lafiya.