Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai Mata a Dawaki



Tun da yake al'ada ce a irin wannan majalisi a ambaci wanda ya cancanci koyi, na ɗauko muku labarin Colleen Jones, mutuniyar birnin Halifas na ƙasar Kanada, wadda aka haifa a 1959, ta kuma shahara a wani wasan ƙanƙara da suke kira kalin. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare: ɗaya ta turo dutse mai nauyin kusan kilo 20, sassaƙaƙƙe daga irin falalen da ke kewaye da Rano, biyu su bi gabansa da tsintsiya suna gurzar ƙanƙara don ya ƙara nisa, shugabarsu kuwa tana can ƙarshen fili, idonta a kan karkatar dutsen, tana ba da umarni da ƙarfin murya. Wannan muƙami na shugabanci shi Colleen ta riƙe.

Tana da shekara 22 ta ci gasar ƙasarsu a 1982. Amma abin da nake so ku yi tadabburi a kansa, 'ya'yana, shi ne daga wannan nasara sai da shekara 17 ta shuɗe, tana shiga ana kayar da ita, kafin Allah ya ƙaddara ta sake ci a 1999. A tsawon wannan jira ba ta zauna hannu rabbana ba, domin a 1986 ta kama aiki a gidan talabijin na CBC, inda ta riƙa sammako tana karanta wa jama'a hasashen yanayi da labarin wasanni, ga kuma atisaye. Daga bisani ta ci gasar ƙasa sau huɗu a jere, 2001 zuwa 2004, da ta duniya a 2001 da 2004.

A 2010 sanƙarau ya kwantar da ita, cutar da mu mutanen Kano ba ma bukatar a yi mana bayaninta bayan annobar 1996. Ta samu sauƙi, ta koma bakin aiki, har ta ci gasar duniya ta dattawa a 2017.

Malama shugabar makaranta, bismillah, a kira sunayen yaran nan su karɓi shahadarsu.