Hujja Kafin Labari: Yadda Ake Amsa Tambayar Adabi a WAEC da NECO



A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ke nan sunan garin Gwarzo yana cikin littattafan da aka kafa ƙagaggen labarin Hausa na boko a kansu. Shi ya sa abin yake ci mini rai idan aka ce yaron Gwarzo ko yarinyar Kabo sun zauna jarrabawar adabi, sun cika shafi uku da rubutu, amma sun fito da maki kaɗan. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, yawancin wannan asara tana zuwa ne daga kuskure guda: an tambayi ɗalibi hukunci, shi kuwa ya ba da labari.

Mu ɗauki misali da Shaihu Umar, ko yana cikin manhajar bana ko ba ya ciki, tunda manhaja tana sauyawa bayan 'yan shekaru amma hanyar amsa ba ta sauyawa. A ce an tambaya: tattauna rawar da mahaifiyar Umar ta taka a littafin. Ɗalibi na farko zai fara daga Kagara, ya kawo auren uwar da Makau, ya kawo sace yaron, ya kai shi hannun Balarabe Abdulkarim har Ber Kufa, kafin ya waiwayi uwar lokaci ya ƙare. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma bai amsa komai ba, domin mai duba takarda ya san labarin tun kafin a haifi ɗalibin. Ɗalibi na biyu zai buɗe da matsaya a jimlarsa ta farko: ta hanyar wannan uwa ce marubucin ya nuna ainihin muguntar bauta. Sannan ya kawo shaida. Umar kansa ya faɗa hannun mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi har ya zama malamin da ɗalibai ke kewayewa a Rauta, don haka da labarinsa kaɗai ne a littafin, da mai karatu zai iya zaton bauta ta zame masa alheri. Uwar kuwa ta bar gida tana 'yantacciya don neman ɗanta, aka mayar da ita baiwa, ta sha wuya a hanyar hamada, kuma ba ta jima da ganinsa ba ta rasu. Daga nan sai ɗalibin ya ɗaure zancen: ita ce ta hana littafin zama yabon sa'ar mutum guda. Amsar ta biyu ba ta kai ta farko tsawo ba, amma kowane sakin layi nata yana da da'awa, da shaida daga littafin, da bayanin yadda shaidar ta tabbatar da da'awar. Abin da ake yi a gaban alƙali ke nan: ba a cin shari'a da yawan surutu, sai an faɗi abin da ake nema an kuma kawo shaidu.

A ɓangaren waƙa cutar takan sauya kama. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun shimfiɗa mana hanyoyin nazari: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Waɗannan kayan aiki ne masu kyau, amma a hannun ɗalibi da yawa sun koma jerin sunaye. Zai rubuta cewa waƙar ƙwar biyar ce, tana da amsa-amo, akwai kamantawa, akwai mutuntarwa, ya ajiye biro. To, sai me? Gano kamantawa rabin aiki ne, kuma shi ne rabi mai sauƙi. Sauran rabin shi ne a faɗi abin da aka kamanta da me, da dalilin da ya sa mawaƙin ya zaɓi wannan hoto ba wani ba, da yadda ya ƙarfafa jigon. Wanda ya karanci Aƙilu Aliyu ya tsaya a ƙirga adon harshe bai ga dalilin da ya sa ake kiransa fasihi ba. Haka abin yake ga masu zana adabin Ingilishi: wanda aka tambaya game da Baroka a wasan Wole Soyinka, ya tsaya zayyana abin da ya faru da safe da rana da dare, ya faɗa ramin da ɗan'uwansa na Hausa ya faɗa.

Na san akwai masu ja, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Malami zai ce: a ajin da littafi ɗaya ke yawo a hannun yara da yawa, kuma iyaye suna fama da kuɗin taki da na rajista, taƙaitaccen bayanin da ake rubutawa a allo shi ne kawai abin da yaro ya mallaka. Gaskiya ne. Amma wannan dalili ne na raba littafin, ba na jingine shi ba. Shaihu Umar da Ruwan Bagaja gajeru ne, ana iya karance su a fili cikin aji a 'yan makonni, kuma mu mutane ne da kunnenmu ya saba ɗaukar karatu daga bakin malami. Taƙaitaccen bayani yana ba yaro sakamakon tunanin wani, ba ya ba shi shaida. Ranar da tambaya ta zo ta wata fuska, kamar a ce a kwatanta Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja maimakon a kawo halayen tauraro, mai bayanin allo sai ya juye abin da ya haddace ko bai dace ba, wanda ya san littafin kuwa sai ya tuna yadda mutanen biyu suke ramuwa da juna, ya gina amsarsa a kai.

Wani zai ce masu duba takarda suna bin jagorar ba da maki ne, don haka hadda ta fi tsaro. Jagorar tana nan, amma an gina ta ne a kan tambayar da aka yi, kuma abin da bai shafi tambayar ba ba shi da gurbi a cikinta komai kyawunsa. Ni ba na gaba da hadda. Ƙasar da yara ke haddace Alƙur'ani ba za a koya mata darajar riƙe abu a ka ba. Abin da nake cewa a sauya shi ne abin da ake haddacewa: sunayen taurari da wurare daidai, jerin manyan aukuwa, da gajerun baitoci ko ɗangogi da za a kafa hujja da su, maimakon shirya amsa sukutum ana jiran tambayar da za ta dace da ita.

Jayayya ta uku ta fi zurfi, kuma ba a cika furta ta ba. An tarbiyyantar da yaranmu da kunya da girmama na gaba, sai yaro ya ji nauyin ya ce ga abin da yake gani game da aikin Abubakar Imam. Wannan tarbiyya abin alfahari ce, amma nazari ba rashin kunya ba ne. Imam da Tafawa Ɓalewa sun rubuta ne don a yi tunani, kuma ba a neman ɗalibi ya ce marubuci ya yi kuskure, ana neman ya nuna yadda aikin yake aiki. Wannan ƙarfin hali ba ya zuwa a ɗakin jarrabawa, a aji ake gina shi. Malamin da ya saba jefa tambaya ya bar yara biyu su yi saɓani, sannan ya ce kowa ya nuna shafin da ya dogara da shi, ya koyar da amsar WAEC ko da bai ambaci WAEC ba.

Saura batun lokaci, wanda shi ne ke tsorata da yawa. Minti biyar na farko ba na rubutu ba ne. Ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin kalmar umarni, ko tattauna ce, ko kwatanta, ko bayyana, ya ja wani ƙarƙashin abin da aka keɓe, sannan ya tsara hujjoji uku ko huɗu a gefe, kowace da shaidarta. Ga malamai kuwa, roƙona shi ne kada a jira sai an kusa jarrabawar kwalifayin da jihar Kano ke shiryawa. Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare a riƙa ba yara tambaya guda a mako, sakin layi ɗaya tak, a duba shi da tambayoyi biyu: mece ce da'awarka, kuma a wane wuri a littafin ka samo ta? Makarantun Gwarzo da na Kabo suna kusa da juna, malaman adabi za su iya musayar takardun ɗalibansu sau ɗaya a zango, domin yaro ya saba rubuta wa wanda bai san fuskarsa ba.