Ƙofar Jami'a a Buɗe Take: Abin da Ke Tafe a Dogon Hutu da Rabonmu a Cikinsa

 

Kwamitin ilimi da horo na wannan reshe ne ya ɗora mana nauyin isar da sanarwar abubuwan da za a gudanar a harabar jami'ar da ke maƙwabtaka da mu, daga farkon dogon hutu har zuwa watan Oktoba. Da mun so, da sai mu karanto jerin ranaku da wurare, mu koma mu zauna. To, amma mun lura shekara da shekaru ana karanta irin wannan jeri, a tafa, a watse, in an dawo hutu a tarar waɗanda suka je ba su cika yatsun hannu ba. Saboda haka muka ga ya kyautu mu haɗa sanarwar da dalilinta, mu kuma faɗi gaskiyar abin da ke hana mu zuwa. Cikakken jadawali yana hannun sakataren reshe, kowane wakilin makaranta kuma an ba shi kwafi.

Da yawa daga cikinmu kullum ta ƙofar jami'ar nan muke wucewa a kan babur in za mu makaranta, amma mun ɗauke ta tamkar gidan wani attajiri da ba a shiga sai da gayyata. Alhali kuwa duk ɗalibin da ke zaune a ɗakunan laccarta, da malamin da ke koyar da shi, a hannun irinmu suka fara riƙe fensir. Tarihinmu ma bai san wannan ja da baya ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malami a makarantar Midil ta Bauchi ya tafi ƙaro ilimi Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu shekara guda bayan haka, dukansu kuma da suka dawo, aikin ilimi suka koma. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana karɓar malamai masu aiki a lokacin dogon hutu, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna kuma tun 1976 aka kafa ta domin malamin da ba zai iya barin ajinsa ya tafi karatu ba. Ashe hanyar da muke kira a bi tsohuwa ce, magabatanmu ne suka share ta.

Sanarwa ta farko ita ce ta karatun digiri na dogon hutu a Tsangayar Ilimi. An buɗe sayar da takardun neman shiga, kuma masu takardar NCE ne kan gaba a cikin waɗanda ake nema. Karatun yakan ɗauki hutu huɗu ko biyar, gwargwadon tsarin jami'a da kuma fannin da mutum ya zaɓa. Mai nema ya tanadi asalin takardarsa ta NCE, da sakamakon jarrabawar kammala sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya kuma nemi izinin hukuma a rubuce tun kafin ya fara. Muna jaddada wannan na ƙarshen, domin mun ga malamai da suka gama karatu da guminsu, suka kai takarda a gyara musu matakin albashi, aka ce ba a san da tafiyarsu ba.

A nan akwai gargaɗin da ba za mu yi masa kwaskwarima ba. Kada kowa ya miƙa kuɗinsa ga wani mai cewa ya san wani a ciki. Muna da abokin aiki a wannan reshe, ba za mu kama suna ba, wanda ya sayar da tumakinsa biyu ya ba wani ɗan tsakani. Hutu biyu yana shiga aji, yana rubuta jarrabawa, sai a na uku ya gano babu sunansa a rajistar jami'a ko kaɗan. Kuɗi sun tafi, shekara biyu ta tafi, wanda ya karɓa kuma ya kashe waya. Duk kuɗin da za a biya, a biya ta hanyar da jami'a ta ayyana a shafinta na intanet, a karɓi rasit, a adana shi tare da takardar ɗauka. Wanda bai gane yadda ake cike takarda ta intanet ba, ya zo ofishin reshe a taya shi kyauta.

Ga masu cewa shekaru sun ja, muna tunatar da su cewa dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ko da yake ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita lokaci guda ba. Ko da tsohon lissafi aka bi, wanda yake da shekara arba'in da 'yan kai a yau yana da sauran yara ɗaruruwa da za su bi ta hannunsa. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Sanarwa ta biyu, wadda a ganinmu ta fi kowace nauyi, ita ce bitar koyar da karatu da rubutu a azuzuwan farko, wadda malaman sashen harsunan Nijeriya da na Tsangayar Ilimi za su jagoranta. Mu faɗa wa juna gaskiya a cikin gida. Akwai yaro a aji huɗu, har aji biyar, wanda zai rera haruffa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma in ka rubuta masa "gida" a allo sai ya zuba maka ido. Mun koya masa sunayen haruffa da waƙa, ba mu koya masa sautinsu ba, ba mu kuma nuna masa yadda baƙi ke haɗuwa da wasali su ba da gaɓa, gaɓa ta haɗu da 'yar'uwarta su ba da kalma ba. Hausa kuwa tana da sauƙi ta wannan fuska, domin galibi yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya riƙe wasula biyar, ya iya haɗa su da baƙaƙe kaɗan, zai fara karanta gajerun kalmomi da kansa, daga nan kuma ƙarfin zuciya ke zuwa.

Bitar za ta taɓo abin da mu kanmu muke sakaci da shi, wato haruffa masu lanƙwasa. Malamin da ke rubuta "baki" a inda yake nufin "baƙi", ko "kafa" a madadin "ƙafa", ko "kara" a gurbin "ƙara", ya gadar wa yara sittin ko tamanin kuskuren da zai bi su har jarrabawar ƙarshe. Haka nan tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw, da raba kalmomi, kamar bambancin "ya na" da "yana". Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu aka taɓa zaunar da su aka nuna musu yadda ake yin hakan a ajin da babu isassun littattafai. Za a kuma nuna yadda ake yin katunan haruffa da kwalin sabulu, da ƙirga da marfin kwalba da tsinken tsintsiya. Duk mai zuwa ya riƙo almakashi da tsofaffin kwalaye. Muna roƙon shugabannin makarantu su fifita masu riƙe da aji ɗaya zuwa uku.

Sanarwa ta uku ta shafi rajista. Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Ƙasa, wato TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, da kwamfuta take gudanar da jarrabawarta ta tantance malamai. Mun san malamai ƙwararru da suka faɗi wannan jarrabawa ba don rashin sanin amsa ba, sai don hannunsu bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, lokaci ya ƙare suna neman inda za su danna. Reshe ya nemi alfarmar amfani da ɗakin kwamfutocin jami'a a ranakun Asabar na hutu domin gwaji. Babu abin kunya a nan. Mu da muke ce wa yaro kada ya ji tsoron allo, bai dace a ce allon kwamfuta ya razana mu ba.

Sanarwa ta huɗu ita ce ta tarukan da ba a biyan ko kwabo. Ranar 26 ga Agusta ita ce Ranar Hausa ta Duniya, ranar 8 ga Satumba kuma Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, a irin waɗannan ranaku akan yi laccoci da baje kolin littattafai a harabar jami'a. Haka kuma laccar da sabon farfesa ke gabatarwa a bainar jama'a, kowa na iya shiga ya zauna. Mu je, mu kuma riƙo 'ya'yanmu. Yarinyar da ta taɓa shiga babban ɗakin karatu na jami'a, ta ga mace irin mahaifiyarta a kan mumbari tana bayani, ba za ta koma gida da tunanin da ta zo da shi ba. Daga ƙarshe, ranar 5 ga Oktoba ita ce Ranar Malamai ta Duniya, wadda ake bikinta tun 1994. A bana muna son waɗanda suka halarci bita su nuna a gaban jama'a abin da suka koyo, da yaran ajinsu, maimakon a ƙare da jawabai da cin abinci.

Yanzu sai abin da ke hana mu zuwa. Na farko kuɗi ne. Albashin malamin firamare, a inda yake zuwa a kan kari ma, da ƙyar yake kai tsakiyar wata, dogon hutu kuma shi ne lokacin damina, lokacin da da yawa daga cikinmu ke gona domin cike giɓin abinci. Wanda ya ce a bar gona a tafi aji bai san gidan malami ba. Kwamiti ya kawo shawarar a buɗe adashi na musamman na masu karatu, a tsara kwasa yadda za ta faɗo daidai lokacin biyan kuɗin makaranta, masu gari ɗaya kuma su haɗa kuɗin mota da na masauki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu shi ne yadda ake zaɓen masu zuwa bita. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a wasu lokuta sunaye iri ɗaya ne ke fitowa kowace shekara, musamman in an ji akwai alawus, har da waɗanda rabonsu da shiga aji an manta. Malamar ƙauye mai yara tamanin a aji ɗaya sai dai ta ji labari bayan an gama. A kan gurabun da suka biyo ta hannun reshe, mun tsayar da ƙa'ida: za a buɗe littafi, a rubuta sunan duk wanda ya je, ba kuma zai sake zuwa ba sai layi ya zagayo. Za a ware rabin gurabun ga makarantun da ke wajen gari. Wanda ya je kuwa, wajibi ne cikin mako biyu da komawa makaranta ya tara abokan aikinsa ya koya musu abin da ya samo. Littafin a buɗe yake, kowane ɗan ƙungiya yana da ikon dubawa, har da tuhumar mu 'yan kwamiti in ya ga mun kauce.

Na uku ya shafi gida, shi ya sa muka gayyato iyalai. Ya ku mazajen malamai mata, da iyayenmu surukai, mun ga malama da ta yi karatun hutu da goyo a bayanta, tana fita bayan asuba, ta dawo ta ɗora tukunya, har ta gama. Mun kuma ga waɗanda suka fi ta ƙwazo suka ajiye a hutu na biyu, domin babu mai riƙe musu yara na 'yan makonni. Ku ma matan malamai, mun san cefane ne zai ragu in maigida ya shiga karatu. Muna roƙonku ku zauna a matsayin iyali ku yi lissafin abin tun yanzu, wa zai duba gona, wa zai riƙe yara, me za a jinkirta saye. Takardar da za a samu a ƙarshe da sunan mutum ɗaya za a rubuta ta, amma gidan gaba ɗaya ne ya yi karatun.

'Yan'uwa, uwar ƙungiyarmu tun 1931 take fafutukar neman haƙƙin malami, ba kuma za mu daina neman albashi a kan kari da ƙarin girma a kan lokaci ba. Sai dai muryarmu za ta fi nauyi a teburin tattaunawa ranar da uba ya ga ɗansa na aji biyu ya ɗauki takarda ya karanta masa. Dokar 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin ilimin shekara tara kyauta kuma dole, a ajinmu ne kuma ake cika wannan alkawari ko a saɓa shi.

Kafin a tashi, wakilan makarantu za su zagaya da takarda. Kowa ya rubuta sunansa a gaban abu ɗaya aƙalla daga cikin huɗun nan, ya kuma rubuta abin da yake ganin zai hana shi zuwa, domin kwamiti ya san inda zai sa hannu. Za mu zauna a kan takardun nan a makon farko na hutu, mu sanar da kowa ta hannun wakilinsa.

 Allah ya ba mu hutu mai albarka, ya ba da damina mai kyau, ya maido mu azuzuwanmu lafiya.