Haƙƙin Malaman Makarantun Allo, Islamiyya Da Yaƙi Da Jahilci A Kanmu

Jawabin kwamitin ilimi a taron iyaye da malamai





A tarurrukanmu na baya mun yi ta magana a kan haƙƙin 'ya'yanmu na samun ilimi a nan inda muke zaune. Yau za mu juya wajen mutanen da ke isar da wannan haƙƙi har ƙofar gidajenmu: malamin allo da ke zaure, malamar Islamiyya da ke karantar da matan aure bayan La'asar, da saurayin da ke koya wa 'yan dako da 'yan acaɓa karatu da lissafi bayan Isha'i. Yaran unguwanninmu da yawa, musamman waɗanda suka zo daga gida da girmansu ko waɗanda iyayensu ba su da halin makarantar kuɗi, ba su san wani aji ba sai na waɗannan bayin Allah. Idan malamin ya gaji ya bari, karatun yaron ya tsaya ke nan.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin kada wani ya ɗauka alfarma muke roƙo. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko garin da ya fito. Sashe na 40 ya ba mu damar kafa ƙungiya don kare muradunmu. Sannan dokar ilimin bai ɗaya, wato UBE, ta shekarar 2004 ta ce kowane yaro zai yi karatun shekara tara kyauta kuma dole. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, a wajen fassara ma'anar ilimin bai ɗaya, dokar ta ambaci yaƙi da jahilci, da karatun da ba na makarantar boko ba, da ilimin makiyaya, da na mata, ta kuma ambaci almajirai da sunansu. A shekarar 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa wannan haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban kotu. Ke nan malamin da ke zaure a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, yana cikin aikin da doka ta ɗora wa gwamnati, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

To, yaya wannan malami yake rayuwa? Kowa a nan ya sani. Abin da yake samu bai wuce kuɗin Laraba ko kuɗin wata ba, shi ma wasu iyayen sai an yi ta bi. Tun shekarar 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Kowane mai gida ya tambayi kansa ko malamin da ke karantar da 'ya'yansa yana ganin rabin wannan a wata, alhali hayar ɗaki a Ikko ko Fatakwal ba irin ta Gumel ko Ɗanbatta ba ce. A gida malami yana da gonarsa, yana da dangi, yana da malaminsa da zai koma wa idan wata mas'ala ta shige masa duhu. A nan kuwa ba gona, dangi suna nesa, malamin nasa yana Zariya ko Maiduguri. Idan ya nemi aikin koyarwa a makarantar gwamnati, sau da yawa sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ko da a wannan gari aka yanke masa cibi. Idan kuma rikici ya tashi, kamar yadda aka gani a Mile 12 a 2016 da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, iyaye kan kwashe yara a koma gida. Ɗan kasuwa yakan sami mai ba shi kaya bashi ya sake tashi. Malami kuwa ba shi da hajar da za a ba shi bashi, ranar da ɗalibai suka watse ranar abincinsa ya yanke.

Bayan talauci akwai kaɗaici, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Malamin makarantar gwamnati yana da hedimasta, yana da ofishin malamai inda ake hira ana ba juna shawara, yana da ƙungiyar NUT da za ta tsaya masa. Namu malamin shi kaɗai ne da yara masu yawa, wani ɗan shekara biyar, wani ɗan sha biyar, wasu ma Yarbanci ko Turancin buroka ya fi Hausa zama a bakinsu. Idan yaro ya kasa gane baƙi da wasali, ba wanda zai tambaya wace dabara ce za ta yi. Idan ya fusata ya yi bulala ta bar shaida, maƙwabci ya kai ƙara, sai a wayi gari yana ofishin 'yan sanda, domin akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi tata a 2007, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa abin da ke ciki.

Jama'a, maganin wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A tsangaya akwai musaffa, inda gardawa da alarammomi ke haɗuwa ana karatu bi da bi, wanda ya yi tuntuɓe a gyara masa, ba a kuma ɗaukar gyaran a matsayin raini. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa don kowa ya san matsayinta. Jajin za ta zo da ayarin mata su ɗauki karatu, ta koma ta karantar, sannan ta sake dawowa da tambayoyin mutanenta. Ba a bar malama ita kaɗai a ƙauye ba: tana da inda za ta koma, tana da 'yan'uwa masu aiki irin nata, tana da alamar girma a idon jama'a. Waɗannan su ne malamanmu na Kudu suka rasa, su ne kuma kwamiti ke neman a mayar musu.

Don haka muna gabatar da shawarwari kamar haka.

Na farko, a kafa majalisar malamai ta unguwa, wadda za ta riƙa zama duk ranar Alhamis da hantsi, tunda ranar hutun allo ce. Malamin allo, na Islamiyya da na yaƙi da jahilci su zauna tabarma ɗaya, ba tare da duba wa ke Izala wa ke Ɗariƙa ba, domin yaran da ke gabansu 'ya'yan unguwa ɗaya ne. A kowane zama mutum ɗaya ya nuna yadda yake koyar da darasi guda, saura su faɗi abin da suka gani. Wanda ya iya lissafi ya koya wa wanda ya iya tajwidi, shi ma ya rama masa. Sabon malami a haɗa shi da tsohon hannu na tsawon shekara. Malamai mata su yi nasu zaman a gidan da suka yarda da shi, su zaɓi jagorarsu wadda za ta riƙa kawo kokensu gaban kwamiti.

Na biyu, asusun malamai. Ga lissafi mai sauƙi: idan gida 200 suka riƙa ba da naira 1,000 a wata, an tara naira 200,000. Idan 'yan kara, 'yan gwari, 'yan canji da direbobin tirela suka ware wani abu a ƙungiyance, kuɗin zai wuce haka. Da shi za a cika wa malami abin da ya gaza na wata, a biya masa asibiti, a tsaya masa ranar haihuwa ko rasuwa, a kuma ajiye kaso don ranar da rikici ko gobara ta rufe makaranta. A buɗe asusun a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu malami, a riƙa karanta shiga da fita a gaban jama'a duk wata uku. Malaman su ma suna iya yin adashi a tsakaninsu.

Na uku, rubutacciyar yarjejeniya. Duk makarantar da ta ɗauki malami a rubuta nawa za a biya shi, yaushe, awa nawa zai yi, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi. Wannan kariya ce ga malami da iyaye baki ɗaya. Wasu na cewa aikin Allah ba a yi masa ciniki. Gaskiya ne lada yana wurin Allah, amma mai gidan haya ba ya karɓar lada a ƙarshen wata.

Na huɗu, takardar shaida. Ƙaramar shaidar koyarwa da gwamnati ta amince da ita ita ce NCE. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, inda wanda ya gama sakandare zai yi NCE a ƙarshen mako ba tare da ya bar ajinsa ba. Wanda ya yi karatun Arabiyya yana da jarrabawar hukumar NBAIS. Bayan NCE sai rajista da hukumar TRCN. Muna so asusu ya riƙa ɗaukar nauyin malami ko malama biyu a shekara, bisa sharaɗin za su ci gaba da koyarwa a unguwa bayan sun gama.

Na biyar, mu shiga littafin gwamnati. Tun 1990 akwai hukumar yaƙi da jahilci ta ƙasa, jihohi kuma suna da nasu hukumomin, ga SUBEB, ga hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023. Hukuma ba ta ba da littafi ko horo ga makarantar da ba ta san da ita ba. Malami ɗaya idan ya je ofis za a ce ya dawo gobe. Majalisar malamai idan ta je da takarda mai ɗauke da sunayen makarantu, adadin ɗalibai da hatimin Sarkin Hausawa, za a ba ta kujera. A nan muna buƙatar lauyoyinmu da 'ya'yanmu ma'aikata, har da abokan zamanmu Yarbawa da Ibo da suka san ƙofofin ofisoshin, domin da ɗan gari akan ci gari. Su kuma lauyoyin su ware rana guda a shekara su yi wa malamai bayanin dokar yara da Hausa.

Iyayenmu malamai, ku ma akwai naku. Majalisa ba za ta yi ƙarko ba idan kowa yana ɓoye dabararsa, ko yana zawarcin ɗaliban ɗan'uwansa. Idan ɗayanku yana tura yara bara a kan titi, ko yana dukan da ya wuce kima, ku ne ya kamata ku fara tsawata masa tun magana ba ta fita ba, domin laifin mutum ɗaya a baƙon wuri kan jama'a duka yake faɗawa.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa sanin wace malama ce ta kwana biyu ba ta fito ba, da wane yaro ne ya daina zuwa. Ku riƙa sanar da kwamiti da wuri.

Sabon Ibadan ta kafu tun 1916, wato fiye da shekara ɗari ke nan mutanenmu suna zaune a wannan yanki, suna biyan haraji, suna haihuwa, suna binne iyayensu. Abin da ya riƙe harshenmu da tarbiyyarmu duk tsawon wannan lokaci shi ne malamin zaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a tashi, sakatare zai zagaya da takarda: kowane malami da malama su rubuta suna da makaranta da yawan ɗalibai, kowane mai gida ya rubuta abin da zai iya bayarwa a wata. Zaman farko na majalisar malamai Alhamis mai zuwa ne a zauren Sarki.