Yawan albarushi ba shi ne iya harbi ba

An shirya wannan jawabi domin a karanta shi a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Badagishiri, da na karkarar Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni. Ya shafi maharba da maƙera, da ƴan bindiga masu harbi ranar salla.

A ƙasar Adar har yanzu akwai bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wasu na ce mata harba-ka-ruga. Da ita ake neman zomo da zabon daji da makwarwa. Maharba da yawa sun ɗauka in an ƙara albarushi harbi zai fi samu. Ba haka ba ne. Albarushi mai yawa yana sa bindiga ta yi tsalle a kafaɗa, bakinta ya ɗaga, harsashi ya wuce ta sama. In kuma ƙarfen ya gaji, sai ta fashe a hannun mai ita. Hannun hagu ne ke riƙe da bututun, fuska kuma tana kusa da gindinsa. Shi ya sa yatsu da ido ne ke fara tafiya. Manomin da ya rasa yatsu uku da rani, wa zai riƙe masa hauya da damina?

Albarushi iri biyu ne, kuma ba a gama su. Na farko shi ne baƙin albarushi. Mutanen ƙasar Sin suka gano shi, fiye da shekara 1000 da suka wuce. Shi ne abincin bindigar toka. In ya ƙone yana yin farin hayaƙi, ya bar dauɗa mai yawa cikin bututu. Na biyu shi ne wanda ke cikin kwanson harsashin bindigogin zamani. Wani mutumin Faransa mai suna Paul Vieille ya ƙago shi a shekarar 1884. Ba ya yin hayaƙi sosai, amma ƙarfinsa ya kai ninki uku na baƙin albarushi. An yi shi ne domin bindigar masana'anta, wadda aka ƙera da ƙarfe na musamman, aka kuma gwada ta kafin a sayar.

Bindigar ƙauye fa? Sau da yawa bututunta na famfo ne, ko ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota. Bututun famfo yana da ɗinki daga sama har ƙasa. An yi shi don ruwa, ba don wuta ba. Saboda haka maharbin da ya fasa kwanson harsashi ya zuba garinsa cikin bindigar toka, ko da kaɗan ne, ko da ya gauraya shi da baƙi, ya ɗana wa kansa tarko. Haka ma wanda ke kankare kan ashana yana ɗurawa. Kan ashana yana iya tashi tun ana cikin dannawa da sanda.

Ko baƙin albarushin ma ba duka ɗaya ba ne. Mai manyan ƙwayoyi yana ci a hankali, ya dace da bindiga mai faɗin baki. Mai laushi kamar gari yana ci da sauri, yana matsa wa ƙarfe. Wanda ya sake wurin saye, to ya san ya sake albarushi, ko da launinsu ɗaya. Sai ya koma ya fara da awo ƙarami.

Maganar awo ita ce babba. Maharbi ya zuba albarushi a tafin hannu, ya duba da ido, ya ce ya isa. Yau tafin ya cika, gobe bai cika ba. Harsashi ya faɗi ƙasa yau, gobe ya bi sama, sai a ce bindiga ba ta da kyau, ko a ce an yi mata sammu. Alhali mai sayar da hatsi a kasuwar Badagishiri ba ya awo da ido, da tiya yake yi. Maharbi ma yana bukatar tiyarsa: ɗan ƙahon akuya ko guntun gora, a yanke bakinsa daidai, a cika a shafe. Bindiga kowace da nata awon, don faɗin baki da kaurin ƙarfe ba ɗaya ba ne. Awon wani ba ya yi wa wani. Maƙerin da ya ƙera ta shi ya kamata ya faɗi iyakar da ba za a wuce ba.

Ga yadda ake gane awon da ya dace. A sami gangaren ƙasa nesa da gari da hanyar dabbobi. A kafa kwali, a zana baƙin tabo a tsakiya, a koma baya taki 30. A ɗora bindiga bisa buhun ƙasa don kada hannu ya yi rawa. A fara da awo ƙarami, a harba sau 3. Ba a duba ko an sami tabon. Abin dubawa shi ne ko hudojin sun taru wuri ɗaya. In an ƙara ɗan kaɗan suka ƙara matsuwa, madalla. In suka fara watsewa, an wuce, sai a koma baya. Yawanci awon da ya fi tara harbi bai kai iyakar da maƙeri ya faɗa ba. Nan karatu ke da rana: wanda ya iya rubutu sai ya sa a kaye, da ranar, da irin albarushin, da awon, da nisan. Gwajin yana cin albarushi, gaskiya ne, amma bai kai wanda ake ɓarnatarwa a daji ana kuskure ba.

Harsashi ma ya zama iri ɗaya. Ƙusa da tsakuwa da guntayen ƙarfe suna karce bututu, kuma kowane yana bin hanyarsa. Dalma mai girma ɗaya ta fi. Sai dai dalma guba ce: a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, kada yara su ci. A tura harsashi da tsumma har su zauna bisa albarushi. In aka bar fili tsakaninsu, wurin ne bututu ke kumbura ko ya tsage. Yana da kyau a yi zane biyu a jikin sandar ɗuri, ɗaya na bindiga wofi, ɗaya na bindiga ɗure. Ta haka ba a ɗuri biyu bisa mantuwa.

Kuma a sani, cikin bututun bindigar toka sumul yake, ba shi da zanen da ke murɗa harsashi kamar na bindigar soja. Abin da ya wuce taki 50 sai sa'a, komai yawan albarushi. Gwanin maharbi sanɗa yake yi ya matsa kusa.

Ba a zuba albarushi daga babban ƙaho kai tsaye cikin bindigar da aka harba yanzu, don wata ƙila da sauran garwashi a ciki. In an ja kunama ba ta tashi ba, kada a leƙa bakinta. A riƙe ta tana duban ƙasa, a ƙirga har 60. Da rani a taka tsumman da ya fita da wuta, don shi kaɗai ya isa ya cinye ciyawar gari. Dauɗar baƙin albarushi tana jan raɓa ta kawo tsatsa, saboda haka a wanke bututu da ruwan zafi ranar da aka yi harbi, a shanya, a shafa mai. Albarushi kuwa a ajiye shi cikin abu mai marfi, nesa da murhu da taba da hannun yara.

Farauta a Nijar tana ƙarƙashin dokar ranar 29 ga Afrilu 1998. Akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai namun da aka hana kashewa, kuma farauta da bindiga sai da takardar izini. Ma'aikatan gandun daji na Illela, Malbaza da Ƙonni su ke da bayanin.

In bindiga ta fashe wa mutum, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba toka ko ƙasa, kada a yi ƙoƙarin ciro ƙarfe daga ido. A kai shi gidan likita mafi kusa nan take, a yi masa allurar rigakafin sarƙe-haƙora. In raunin na fiɗa ne, daga can za a tura shi asibitin Tawa ko na Galmi.